Tuwon Wanda Ba Ya Nan

Marka ta zauna mana a Kaduna bana kamar ba za ta tashi ba. Kwatar layinmu a Unguwar Kanawa ta cika ta tumbatsa, shanya sai ta kwana biyu a igiya tana warin danshi, gishiri ya narke a gwangwani. Abin daɗinta ɗaya, in ruwan ya tsagaita sai iska ta kwaso ƙamshin gasasshiyar masara daga bakin titi ta shigo da shi har falo. A irin wannan rana ce, da hantsi, wata yarinya ta yi mana sallama, lema a hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da 'yar na'ura da ta naɗe a leda.

Ta ce daga wajen masu binciken gidajen karkara take. A ƙauyenmu, can bayan Rigachikun, aka ba ta sunana aka yi mata kwatance. Aikinsu shi ne bin sawun duk wanda ya fito daga gidajen da aka fara yi wa tambayoyi tun shekarun baya, su ji ina ya koma, wace sana'a yake yi, ana binsa bashi ko shi ke bi. Na yi dariya na ce, "Ashe har yau ba ku gaji da mu ba? Tun ina tallar ƙuli ake tambayar gidanmu, ga shi na koyar har na yi ritaya." Na shimfiɗa mata darduma kusa da mahaifiyata, Inna, wadda tsufa ya dawo da ita hannuna. Tana zaune da carbinta, kunnen ya yi nauyi, ko kuma dai in ce yana jin abin da ya ga dama.

Yarinyar ta goge fuskar na'urar da gefen hijabinta, ta ce, "Mama, su wa da wa ke ci daga tukunyar gidan nan?"

Tambayar nan na san ta, da kalmominta haka, ba a sauya ko ɗaya ba.

A shekarar da nake tunawa ban kai aure ba, amma na isa surfe. Kakar da ta gabata ba ta yi mana kyau ba, ɗan abin da aka samu kuma mai hatsin da Baba ya ranta ya zo ya auni nasa tun a masussuka. Saboda haka ana gama ɗaure dami Baba ya ɗauki buhunsa ya tafi cin rani Kudu, inda yake dako a kasuwa. Wannan ba sabon abu ba ne, rabin mazan garin haka suke yi. Ƙa'idar dai ita ce a dawo kafin ruwan shuka. Da gabas ta fara haɗa gajimare za ka ga manyan motoci suna sauke su a Rigachikun, su ƙaraso gida a ƙafa, wannan da rediyo, wancan da turmin atamfa da sandar sabulu. A shekarar kowa ya dawo ban da Baba.

Bazarar ta gasa mu. Rijiya ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya, kaji suna yawo baki buɗe, ƙasa ba ta takuwa da rana in ba takalmi. Da ruwan farko ya sauka, ni da ƙanina Sani muka fita muna tsalle a ciki, ƙamshin ƙasa kamar ka ɗiba ka ci. Yayan Baba, Baffa Sule, wanda zana ce kawai ta raba sashenmu da nasa, ya gama shukarsa ya zo da 'ya'yansa suka sare mana tamu gonar. Ina binsu a baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke. Muna kallo ganyen dawa ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo, aka sake fita. Da Allah Ya kawo shi sai da aka sake shuka, kuma irin daga cikin abin da za mu ci aka ɗiba.

Duk wannan lokaci akwai mai zuwa gidanmu ba fashi, Malama Rifkatu. Doguwar mace ce 'yar kudancin Kaduna, tana aiki da masu bincike na Zariya. Abokan aikinta maza a zaure suke tsayawa da masu gida, ita ce mai shiga ciki wurin mata, da jakarta da ɗan sikelinta. Da farko mutane sun ɗauka maganar haraji ce, ana hango ta ake kora awaki bayan gida. Daga baya aka saba, har aka sa mata suna Malama Nawa-Nawa, don ba ta da magana sai nawa aka auna, nawa aka daka, mutum nawa suka je gona, nawa aka biya ɗan ƙwadago. In ta zo kan bashi kuwa kowa ƙarya yake shirga mata. Wanda ake bi ya ce ba a binsa, wanda ke bi ya ce shi ma nema yake. Ta sani sarai, sai ta yi murmushi ta rubuta.

Wahalarta da Inna wajen sunaye ne. Inna ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kuma faɗin nawa tun da ni ce 'yar fari. In aka ce ta lissafa masu ci daga tukunyarta sai ta ce, "Shi, da wannan," ta nuna ni da haɓa, "da Sani, da ni." Ni nake tsayawa a gefe ina cike sunayen. Kuma kullum da "shi" take farawa, ko da ya yi wata da watanni ba ya gari.

Ba a baki kawai take fara lissafi da shi ba. Kowace yamma in ta tuƙa tuwo, malmalar farko a baƙin akushin Baba take sauka. Ta zuba miya a ɗan kwano, ta rufe da faifai, ta ce wa iska, "A kai ɗaki." Ni ce iskar. In kai ɗakin Baba in ajiye a inda ya saba zama, in jawo ƙofa. Da safe ta ɗauko ta ɗumama, ta kira mu, "Ku zo, babanku ya rage muku." Sani yaro ne ƙarami, ya yarda da gaske cewa Baba yana zuwa in ya yi barci, ya ci kaɗan ya bar mana saura ya koma. Ni na san ba haka ba ne, amma ban taɓa faɗa masa ba, kuma hannuna ba ya jinkiri a cikin akushin.

Rumbu ya yi ta ja da baya har ya zama hannu ba ya kaiwa. Ni ake ɗagawa a zura ta sama in tattaro abin da ya rage a ƙasa. Har yau ina jin zafin cikin rumbun nan da ƙaiƙayin da ke bin wuya, da yadda muryata ke dawo mini in na ce, "Inna, saura kaɗan." Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, malmala ta ƙanƙance. Da rana sai kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli, in ya samu. Yunwar damina daban take da kowace yunwa, domin ko'ina kore shar, gona cike da abinci, amma babu wanda ya nuna. Kana cire ciyawa ka miƙe tsaye sai ka ga gari yana juyawa, ka dafa fartanya ka jira ya tsaya.

Ran nan da safe Baffa Sule ya tsaya bayan zana ya yi gyaran murya. Inna ta ja mayafi ta durƙusa daga ciki.

"Uwar Sani," ya ce, "ki kashe murhun nan haka. Tukunya biyu a gida ɗaya cikin wannan hali ɓarna ce, ga itace ga gishiri. Ku dawo a haɗa, abin da muka ci ku ci. Gonar ma a mayar da ita gandu, in Allah Ya dawo da shi a san yadda za a yi."

"Allah Ya saka da alheri, Yaya. A bari in yi shawara da mai gidan."

"Wane mai gidan kuma?"

Ya daɗe a tsaye, sannan muka ji tafiyarsa.

Baffa ba mugunta ya nufa ba, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne da yake takawa har Rigachikun duk ranar kasuwa yana tambayar direbobi ko sun ga ƙaninsa. Amma a garinmu murhun mace ba ya mutuwa sai mijinta ya mutu ko ya sake ta. Ranar da aka ga hayaƙi ya daina tashi daga sashenmu, kowa zai san an fid da rai da Baba, kuma gonar da ta shiga gandu ba ta cika fitowa da sauƙi ba. Wannan shi Inna take tsaro da ɗan tuwonta.

Ni kuwa a lokacin haushinta nake ji, ba zan ɓoye ba. Sashen Baffa sau biyu ake ɗora tukunya, ƙamshin daddawarsu yana tsallako zana ya same ni. Na kasa haƙuri na ce, "Inna, ba gara mu koma wajen Baffa ba?" Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da juya muciya, ta ce wa tukunya, "Wasu mutane dai in suka ji ƙamshin miyar maƙwabta sai su manta ƙofar gidan ubansu." Ban sake tayar da maganar ba.

Sai marka ta kama, irin ta bana. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo ya ƙi tafiya. Ɗaki yana yoyo mun jera ƙore, itace ya jiƙe, Inna tana hura wuta hayaƙi na sa ta hawaye. Ciyawa ta taso za ta cinye mana dawa. Inna ta ciro tasoshinta na aure daga jere, ta ba dillaliya, aka sayo gero da wake. Ta dama kunu ta yi ɗanwake, Baffa ya kira gayya. Samarin gari suka shiga gonar Baba da mai ganga a bayansu, taɓo har gwiwa, suna ihu suna tsere, kafin la'asar sun nome ta tas. Na tuna ina ɗauke da ƙwaryar kunu a ka, ruwa na zuba a kan faifan, ina jin daɗi kamar ranar salla.

Cikin markar ne Malama Rifkatu ta zo wata yamma, takalmanta a hannu, zaninta sharkaf. Ta zauna a bakin madafi tana shan ɗumi, ta yi tambayoyinta, sannan ta shiga juya biro.

"Inna, akwai wata magana. A ƙa'idar aikinmu, wanda ya tafi tun kaka har shuka ta wuce bai dawo ba, ana mayar da shi cikin waɗanda suka bar gida. Ba wai an cire shi ba ne, wurin rubutawa ne kawai daban."

"Malama, me kike tambayata kullum? Masu kwana, ko waɗanda ake zuba wa?"

"Masu ci daga tukunya."

"To zauna ki gani, ai ruwan ma ba zai bar ki tafiya ba."

Ta zauna. Inna ta sauke tukunya ta ɗauki mara. Malmalar farko ta shiga akushi, ta biyu kwanonmu ni da Sani, ta kankare abin da ya saura ta haɗa 'yar ƙarama ta miƙa wa baƙuwa. Ta zuba ruwa a tukunyar ta ture gefe.

"Inna, ina naki?"

"Ni ƙanzo nake so. Tun ina yarinya haka nake."

Duk daminar nan ina jin wannan magana, kuma na yarda da ita yadda Sani ya yarda Baba na zuwa cikin barcinsa. Sai ranar, da na ga irin kallon da Malama take mata, ni ma na dube ta. Warwaron hannunta ya zame har kusa da gwiwar hannu. Zanin da take ɗaurawa ya kusa zagaye ta sau biyu. Ashe ɗumamen da muke wawaso kowace safiya rabonta ne take sa wa sunan Baba. Tausayinta ya kama ni.

Malama ta tura kwanonta tsakiya ta ce, "A garinmu baƙo ba ya ci shi kaɗai. In ba ki sa hannu ba, ni ma na fasa." Inna ta yi ta kawo dalili, Malama ta naɗe hannu ta ƙi. Ƙarshe dai suka ci tare, suna hira kan yadda ake miyar karkashi a garinsu. Abin da ta rubuta game da Baba a ranar ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san daga nan kullum sai lokacin tuwo take zuwa, kuma takan zo da ƙullin garin masara wai za ta gwada sikelinta ko yana daidai. In ta gama gwaji sai ta ce abin da aka riga aka auna ba a mayar da shi ofis. Inna ta san zancen, ita ma ta san Inna ta sani, babu wadda ta taɓa nunawa.

Gero ya fara nuna, muna gasa tumu muna murzawa a tafi, rai ya fara dawowa jiki. Wata yamma ana yayyafi, gab da magariba, muka ji sallama a zaure, irin ta baƙon da bai tabbata gidan ba ne. Na leƙa. Wani mutum ne ramamme, buhu a kafaɗa ba komai a ciki, yana tari. Sai da ya kira sunana na gane Baba ne. Ciwo ne ya kwantar da shi a can, abin da ya tara ya tafi a magani, da ya warke kuma kunya ta hana shi tahowa hannu wofi bayan an gama shuka ba shi. Baffa Sule ya fito ya rungume shi yana kuka kamar yaro.

Inna ba ta fito ba, ba ta yi guɗa ba. Daga madafi na ji ta ce, "A kai masa tuwonsa kar ya huce."

Na kai. Ya ɗaga faifan ya ga malmala tana tururi a akushinsa. Ya ce, "Wa ya gaya muku ina hanya?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Kullum ake zubawa."

Ya mayar da faifan ya rufe, ya juya fuskarsa bango. Na tsaya ban san ko in fita ba. Can ya share ido da hannun riga, ya yi bisimilla, ya cinye tas.

Da safe Sani ya zo ya zauna a bakin murhu yana jiran ɗumame, aka ce babu. Ya dubi akushi wayam, ya dubi baƙon da ke alwala a tsakar gida, ya fashe da kuka yana nuna shi, "Wannan mutumin ya cinye tuwon Baba!" Ranar na fara jin dariyar Inna tun bazara. Har Baba ya koma ga Allah ana tsokanarsa da wannan magana.

Duk wannan ya wuce mini a zuciya yarinyar tana riƙe da na'urarta tana jira. Na ce, "Ni, da Inna, da Maryam matar ɗana, da 'yarsu Hanifa."

"Shi ke nan, Mama?"

"Shi ke nan."

Ɗana na fari, mijin Maryam, sunan Baba ya ci, Abba muke ce masa. Ya gama karatu aiki ya gagara, ya ja Keke Napep tsakanin Kawo da Mando har ya gaji, ya sayar da shi ya bi masu tsallaka sahara. Na hana, na yi faɗa, na yi kuka, ya tafi. Da farko yana kira. Tun kafin azumi lambar ta daina shiga. Fushi nake da shi, fushin da tsoro ne a ƙarƙashinsa. Na daina auna shinkafa da shi, na ce wa kaina ai komai ya yi tsada. In aka tambaye ni labarinsa sai in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunyar ɗan fari ce.

Sai Inna ta ajiye carbi. "Ina angona? Ban ji an faɗe shi ba."

Yarinyar ta matsa kusa da kunnenta ta yi mata bayani da ladabi, cewa akwai wurin waɗanda suka yi tafiya, kuma in mutum ya daɗe ba ya gida na'urar da kanta take mayar da shi can.

"Ita na'urar ce ke tuƙa tuwon?" in ji Inna.

Yarinyar ta rufe baki tana dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi bango, don har yau da furfurata ba ta dubana in za ta yi mini faɗa, ta ce, "Wasu mutane dai ɗumame ne ya raine su, amma sun manta."

Na juya wajen yarinyar. Sannan na ce, "'Yata, ki sa shi inda aikinki ya ce, kada a yi miki faɗa a ofis. Amma masu ci daga tukunya kika tambaye ni. Ki ƙara ɗaya."

Da yamma na sauko da wata kula daga saman kabad na wanke. Na karɓi mara daga hannun Maryam, malmalar farko na sa a ciki. Ta tsaya tana kallona, sannan ta shige ɗaki. Jim kaɗan ta fito idonta ja, ta ɗauki ludayi ta zuba miyar da kanta, ta tsamo tsokar da ta fi girma ta ɗora.

Gari ya waye da yayyafi. Hanifa ta fito da kayan makarantarta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na ɗumama tuwon na mayar a kular, na ce, "Zo, babanki ya rage miki."

Ta dube ni, ta dubi kular. Ba ta tambaye ni yaushe ya zo ba. Ta zauna ta ci a hankali, abin da ba halinta ba ne. Da ya saura kamar loma biyu sai ta tsame hannu, ta ture su gefe guda, ta ɗauki murfin da hannu biyu ta rufe.

"Hajiya, ki ajiye masa wannan," ta ce. "Ni ma na rage masa."